Filin Amsa Tambayoyi: Me Jaki Ke Yi da Rigar Likita?

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka iso mini a wannan watan hanya ɗaya suka bi, wato batun dabbobi a zanen da ake bugawa a takarda don yi wa jama'a da shugabanni gugar zana. Na haɗa masu kama da juna, na kuma rage tsawon wasu. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana nan tafe.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. A laburaren makarantarmu na ga wani littafi mai hotunan aikin wani Bature mai suna Goya. A wani shafi jaki ne sanye da kwat yana duba mara lafiya, a wani kuma mutane ne ke ɗauke da jakuna a baya. Malaminmu ya ce ba da fenti aka yi su ba, bugawa aka yi. Me hakan ke nufi, kuma me jakunan ke faɗa?
Daga wani ɗalibin sashen zane, Zariya.

Amsa: Ɗana, ka faɗa kan manyan kaya tun da wuri, kuma na yi maka murna. Malaminka ya yi gaskiya. Ka san masu sassaƙa hatimi da ke zama a bakin kotu ko gidan waya? Sau ɗaya suke yanka roba, daga nan sai a riƙa shafa tawada ana dannawa a takarda, sau ɗari, sau dubu. Tushen sana'ar ke nan. Shi Francisco Goya a kan farantin jan ƙarfe ya yi nasa, kuma asid ne ya yi masa yankan. Ana shafe farantin da kaki, a ɗauki allura a ja zane a kai, duk inda allura ta bi sai ƙarfe ya bayyana. A tsoma a ruwan asid ya ci wuraren da suka buɗe. A wanke, a cusa tawada cikin siraran ramukan, a goge saman tas, a ɗora takarda mai ɗan damshi, a shigar cikin injin matsi, takarda ta tsotso tawadar. Duhun nan da ka gani a bayan jakunan kuwa wata dabara ce daban. Garin ƙaro ake barbaɗawa a kan farantin, a ɗumama shi ya manne, asid ya ci tsakanin ƙwayoyin, sai wurin baki ɗaya ya riƙe tawada. Gwargwadon daɗewar faranti a cikin asid, gwargwadon duhun da zai bayar.

Hotunan da ka gani suna cikin wani jeri mai suna Los Caprichos, zane 80 cif. An yi tallarsu a jaridar Diario de Madrid ranar 6 ga Fabrairun 1799, aka ce mai so ya je wani shagon sayar da turare da barasa a titin Desengaño, ya biya riyal 320 na kuɗin Sifen na lokacin. Goya a sa'an nan ya haura hamsin, tun da an haife shi a 1746, kuma wata cuta ta riga ta kurmantar da shi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, mai zanen fada ne, albashin sarki yake ci, shi ke zana 'ya'yan sarauta. Ya san mutanen da yake yi wa habaici ciki da waje.

Jakunan suna jere ne daga lamba 37 zuwa 42, kuma in ka koma laburare ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A na farko babban jaki ne malami, yana koya wa ɗan jaki karatu, littafin a buɗe, ba komai a ciki sai harafin A, an maimaita shi. A ƙasa Goya ya rubuta tambaya: ko almajirin zai fi malamin sani? A na biyu biri ne ke kaɗa jita, jaki ya miƙe kunnuwa yana saurare cikin jin daɗi, wasu mutum biyu a baya suna tafi. Na uku jaki ne zaune, sanye da tufafi, ya buɗe littafin salsalar gidansu yana nuna mana, shafi bayan shafi jakuna ne a jere, har kakan kakansa. Mutane da dama sun ɗauka da Manuel Godoy ake, wato ɗan lelen fada da ya hau manyan muƙamai yana matashi aka kuma nemo masa doguwar salsala. Na huɗu shi ne likitanka: jaki da kwat da takalmi, ya ɗora kofato a kan hannun wani mutum da ke kwance baki buɗe, rai a hannun Allah. Rubutun ƙasa yana tambaya, wace cuta ce za ta kashe shi? Na biyar biri ne mai zane, jaki ya zauna ana zana shi, amma a kan allon kunnuwan sun ɓace a ƙarƙashin hular gashi irin ta manyan alƙalai.

Na shida, lamba 42, shi ne wanda ban taɓa kallonsa raina bai sosu ba. Talakawa biyu ne, sun duƙa, ƙafafunsu na neman lanƙwashewa, kowanne da ƙaton jaki a gadon bayansa. Jakunan kuwa hankalinsu kwance, ba alamar sun san akwai wanda ke wahala a ƙarƙashinsu. Rubutun ƙasa rabin wani karin maganar Sifen ne, wanda cikakkensa yake cewa kai da ba ka da ƙarfi, ɗauke ni a baya. A Sifen ta wancan zamani manyan gonaki na hannun masu sarauta da coci, an kuma ɗauke musu yawancin haraji, manomi da ɗan ƙwadago su ke biya. Kowa ya san jaki shi ke ɗaukar kaya, can da nan duk ɗaya. Goya ya juya abin, kuma ko mutum bai san harafi ko ɗaya ba, da kallo guda zai gane wa ake nufi.

Kana iya cewa, me ya hana shi zana mugun likita da fuskar mutum? Dalili shi ne fuskar jahilin likita da ta gwani duk iri ɗaya ce, kwat ɗinsu ma ɗaya. Jahilci ba ya fitowa a hoto. Da ya bar masa rigar muƙami ya canja masa kai, sai abu biyun suka bayyana tare, matsayin da jama'a suka ba shi da ainihin abin da ke cikin kwanyarsa. Sannan ka lura da mutanen da ke cikin waɗannan hotuna. Babu wanda ya yi mamaki. Masu tafi suna tafi, mara lafiya ya miƙa hannu, masu dako sun sunkuya. A ganina nan ne bulalar ta fi zafi, domin jaki bai naɗa kansa likita ba, mutane ne suka kira shi suka ba shi kujera.

Kasuwar ba ta yi kyau ba. Jeri 27 kacal aka sayar, sai ya janye su. A 1803 ya miƙa wa Sarki Carlos na Huɗu farantan duka da jeri 240 da suka rage, aka saka masa da kuɗin shekara-shekara riyal 12,000 ga ɗansa Javier. A wata wasiƙa da ya rubuta a 1825 ya faɗi cewa an kai ƙararsa kotun coci mai binciken aƙida saboda waɗannan hotuna. Ajiye su a hannun sarki shi ya tsare su, ya tsare shi. Farantan suna nan a Madrid har yau.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan jarida ne, kuma ra'ayina shi ne duk mai zanen da ya ɓuya a bayan dabba tsoro ne ya kama shi. In yana da gaskiya ya zana fuskar mutumin kowa ya gani. Ko Malam na ganin ba haka ba ne?
Daga wani ma'aikacin gidan rediyo, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoro na ciki, ba zan musa maka ba. Amma kafin ka zargi mutum da tsoro, duba abin da ke gabansa.

A Faransa, Honoré Daumier ya yi abin da kake so. A 1831 ya zana Sarki Louis-Philippe da fuskarsa, zaune a kan kujera da ƙaton tumbi, ana ɗura masa kuɗin talakawa ta baki. Aka yanke masa wata shida, ya kuma yi su a kurkuku daga 1832. A watan Yulin 1835 aka yi yunƙurin kashe sarkin, sai gwamnati ta samu hanya: dokokin Satumbar wannan shekara suka ce ba za a buga wani zane ba sai hukuma ta gani ta yarda. Rubutu ba a sa masa wannan takunkumi ba. Hujjarsu ita ce rubutu da hankali yake magana, hoto kuwa kai tsaye yake shiga ido. Sun san abin da suke tsoro. Bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus wajen 1796, ya sa hoto ya yi arha: ka zana da alli mai maiƙo a kan dutsen farar ƙasa, ka jiƙa dutsen, tawada ta kama inda maiƙo yake ta guje wa inda ruwa yake. Babu sassaƙa, babu jira. Abin da aka zana yau, gobe yana tagar shago, ɗan dako ma na tsaye yana dariya. Jaridar La Caricature ta Charles Philipon, inda Daumier ke aiki, ta rufe a 1835.

To amma ga inda maganarka ta gaza. Abokin aikinsa Grandville ya yi suna da dabbobi tun a 1829, shekara shida kafin dokar, da wani jeri na zane kusan 70 inda mutanen Paris ke sanye da tufafinsu na yau da kullum amma da kawunan dabbobi. Ba sarki yake gudu ba, halin maƙwabta yake nunawa, da kwaɗayi da fankama da auren kuɗi. Bayan dokar ya koma zanen littattafai, kuma tsakanin 1840 da 1842 ya fitar da wani babban aiki inda dabbobin gidan namun daji na Paris suka yi taro da dare don su 'yantar da kansu daga ɗan Adam. Duk wanda ya taɓa kallon zaman majalisar dokoki zai gane masu jawabin.

Mu je Japan, birnin Edo, wato Tokyo ta yau, ba Edo tamu ta Najeriya ba. A 1842 gwamnatin soja ta shogun, wato shugaban sojan da ke mulkin ƙasar, ƙarƙashin babban jami'inta Mizuno Tadakuni, ta hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayo da na karuwai, ta ƙayyade yawan launin da za a sa, ta ce kada farashin hoto ya wuce mon 16, kimanin kuɗin kwanon taliya. Abincin masu zane ke nan aka taɓa, da na masu sassaƙa katako, da na masu shafa launi, domin hoto ɗaya sai ya bi ta hannu uku. Utagawa Kuniyoshi mutum ne mai son kyanwa ƙwarai, har wani almajirinsa ya zana shi yana koyarwa da 'yar kyanwa a cikin rigarsa. Sai ya riƙa zana kyanwoyi da kifaye da kunkuru, kowanne da idanu da hanci da baki na wani sanannen ɗan wasa. Mai saye na kallo zai kira sunan ɗan wasan. Jami'in tacewa ma ya gane, amma doka ba ta hana zanen kyanwa ba. A 1846 ya zana unguwar karuwai ta Yoshiwara cike maƙil, mata da masu zuwa wurinsu duk gwarare ne sanye da tufafi. A 1843 kuwa ya ɗauko wani tsohon labari na jarumi mara lafiya da ƙaton gizo-gizo ke turo masa dodanni cikin barci, dogarawansa na gefe suna wasa. Mutanen Edo suka ce jarumin shogun ne, dodannin kuma su ne masu sana'o'in da dokar ta kassara, aka shiga rububin saye ana fassara kowane dodo. Mai maɗaba'ar ya tsorata ya janye hoton. Wannan ba aikin matsoraci ba ne. Mutum ne da ya sa gari guda suka yi wa doka dariya a gaban masu dokar.

Wanda ya fi burge ni ma ya zo bayan haka. A Nuwamban 1855 girgizar ƙasa ta rushe Edo, dubban mutane suka mutu. A camfin mutanen wurin, wata ƙatuwar tarwaɗa ce ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, in ta motsa ƙasa ta girgiza. Cikin 'yan kwanaki hotunan tarwaɗa suka cika kasuwa, ɗaruruwan iri, ba sunan mai zane, ba hatimin hukuma. A wasu, jama'a sun taru suna jibgar ta. A wasu kuma kafintoci da magina da masu yaɓe sun zauna suna shan giya da ita, saboda aikin sake gina gari ya cika musu aljihu. A wasu ta matse attajirai suna aman zinariya, talakawa na tsinta. Faɗa mini, fuskar wa za ka zana ka faɗi wannan magana? Ba mutum ɗaya ake nufi ba. Tambaya ce a kan wa ya yi asara, wa ya ci riba, da kuma dukiyar da ta taru a hannun 'yan kaɗan. Bayan kimanin wata biyu hukuma ta hana su.

Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakarka da ta ba ka labarin yadda Gizo ya yi wa zaki wayo, ko yadda kwaɗayi ya kai kura ya baro, ba tsoron kowa take yi ba. Ta san in ta ce wane haɗamamme ne, maganar ta mutu da wane. In ta ce kura, kowane zamani zai samo kurarsa.

Tambaya: Malam, a nan Gana jam'iyyar NPP giwa ce alamarta. Yarona ya ce a Amurka ma akwai jam'iyyar giwa da ta jaki. Wane irin mutane ne za su zaɓi jaki?
Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Zangon Kumasi.

Amsa: Ranka ya daɗe Alhaji, ba su suka zaɓa ba, liƙa musu aka yi. Tun a zaɓen 1828 abokan hamayyar Andrew Jackson, ɗan takarar shugaban ƙasa na 'yan Democrat, ke kiran sa jaki. Wanda ya kafa abin daram shi ne Thomas Nast, haifaffen Jamus, mai zane a mujallar Harper's Weekly, wadda ake sassaƙa hotunanta a katako kafin a buga. A Janairun 1870 ya zana jaki yana harbin mataccen zaki. Jakin shi ne jaridun wani ɓangare na jam'iyyar Democrat, zakin kuma Edwin Stanton, ministan yaƙin Shugaba Lincoln, wanda bai daɗe da rasuwa ba suna ta zaginsa. Ranar 7 ga Nuwamban 1874 kuma ya fitar da wani: jaki ya yafa fatar zaki yana firgita namun daji da jita-jitar cewa Shugaba Grant na neman wa'adi na uku, ga kuma giwa, an rubuta a jikinta cewa ita ce ƙuri'ar 'yan Republican, ta razana tana shirin faɗawa rami. Ka ga ita ma giwar ba yabo aka yi mata ba. Ƙatuwa ce mai saurin firgita. Da tafiya ta yi tafiya sai kowane ɓangare ya rungumi dabbarsa.

Namu daban ne, domin mu jam'iyyu ne suka zaɓa da kansu don mai jefa ƙuri'a ya gane akwati: zakaran NCNC a jamhuriya ta farko, dokin SDP da mikiyar NRC a zaɓen 1993, jan zakaran CPP ta Nkrumah a wajenku.

Tambaya: Malam, ni abin nan bai kwanta mini ba. Allah ya karrama ɗan Adam. Ɗora masa kan jaki ko na biri ba cin mutunci ba ne? Ina koyar da yara, ba na so in koya musu zagi da sunan fasaha.
Daga wata malamar sakandare, Katsina.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a wannan watan, kuma damuwarki a kan hanya take. Karramawar da kika ambata tana cikin Suratul Isra'i, aya ta 70. Hukuncin zanen abu mai rai fagen malaman fiƙihu ne, a kai musu. Ni abin da zan yi magana a kai shi ne inda wannan sana'a ke zama gyara da inda take zama guba, domin ta zama duka biyun.

Thomas Nast ɗin nan da na ambata a sama, wanda ya yaƙi ɓarayin gwamnatin birnin New York da alƙalaminsa har ubangidansu William Tweed ya ƙare a kurkuku, shi ne kuma ya riƙa zana baƙin haure 'yan Ireland da fuskar biri. Hannu ɗaya ne ya yi duka. A Jamus jaridar Der Stürmer ta shekara da shekaru tana zana Yahudawa a matsayin gizo-gizo da macizai, har mai karatu ya saba da ganin maƙwabcinsa a matsayin abin da ake takewa. An rataye mai jaridar, Julius Streicher, bayan shari'ar Nuremberg a 1946. A Ruwanda jaridar Kangura, wadda ta fara fitowa a 1990, ta riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai, da rubutu da zanen barkwanci. A 1994 aka kashe mutane kimanin 800,000 cikin kwana ɗari. Kotun duniya da ta zauna a Arusha ta samu editanta Hassan Ngeze da laifi a 2003. Duk wanda ke koyar da zane ya kamata ya san waɗannan sunaye kamar yadda ya san na Goya.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi a aji. Ina tambaya, dabbar nan hali take nunawa ko jini? Jakin Goya likita ne da bai san aikinsa ba. Gobe in ya yi karatu, kan jakin ya faɗi. Shi kansa Goya a tallar da ya buga ya ce bai nufi wani mutum takamaimai ba, aibobin da suka zama ruwan dare yake nufi. Amma wanda aka ce masa kyankyaso saboda ƙabilar da aka haife shi a ciki ba shi da abin da zai gyara, kuma kowa ya san abin da ake yi wa kyankyaso. Sai tambaya ta biyu: wa ake duka, mai iko ko wanda ba shi da mai kare shi? Ki tuna nasihar Luƙman ga ɗansa, a Suratu Luƙman, aya ta 19, inda aka ce ya sassauta muryarsa domin mafi munin sauti shi ne na jakuna. Ɗaga murya aka kushe, abin da kowa ke iya bari.

A ƙasa irin tamu, inda rikicin ƙabila da na addini ya sha cin rayuka, kuma hoto ke zaga WhatsApp cikin minti ɗaya, ba na wasa da wannan. Ɗalibina in ya zana kura da babbar riga tana gadin rumbun gwamnati, zan liƙa a bango. In ya sa wa kurar tsagen fuska ko hular da ke nuna wata ƙabila, zan zaunar da shi mu yi magana, kuma hoton ba zai fita daga ajin ba.

Tambaya: Baba, ina so in gwada amma ba ni da jan ƙarfe ko asid ko inji. Kuma akwai 'yan Najeriya da suka yi irin wannan aiki?
Daga wata ɗaliba, Azare.

Amsa: 'Yata, akwai, kuma a Arewa ma aka horar da babbansu. Bruce Onobrakpeya, haifaffen Agbarha-Otor a jihar Delta ta yanzu a 1932, ya yi karatu a kwalejin Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, tare da su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Matsayarsu ita ce a koyi dabarar Bature amma a zana abin gida. Shi sai ya koma ga tatsuniyoyin mutanensa Urhobo, ya riƙa buga kunkuru da damisa da sauran namun daji. Tun 1998 yake shirya taron horar da masu zane a garinsu lokacin hunturu. Kunkurunsu shi ne Gizonmu, kuma har yanzu ina jiran ɗan Hausa da zai ɗauki Gizo da Ƙoƙi da dila malamin daji ya sassaƙa su da gaske, ya sa su a ofis da asibiti da tashar mota.

Asid ki bar shi tukuna, yana da haɗari, sai da malami a kusa. Ki je wurin mai yin hatimi ki sayi guntun roba, ko ki nemi tsohon silifa mai santsi, ko ɗan katako mai laushi wurin kafinta. Ki zana da biro a kai. Ki yanke duk inda kike so ya fito fari, ki bar inda kike so ya fito baƙi, kuma kullum bakin wuƙa ya riƙa tafiya gaba, nesa da hannun da ke riƙe da robar. Tawada ki roƙi kaɗan a maɗaba'ar unguwa, cikin murfin kwalba ma ya isa. Ki shimfiɗa ta siriri a kan gilashi, ki ɗauka da ƙunshin tsumma ki daddanna a kan robar. Ki ɗora takarda, ki murza bayanta da bayan cokali, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki ɗaga kusurwa ɗaya ki leƙa kafin ki cire duka. Masu bugun katako na gargajiya a Japan ma da hannu suke murzawa, ba da inji ba.

Komai zai fito a juye, dama ta koma hagu, don haka in za ki sa rubutu ki rubuta shi a juye ki duba a madubi kafin ki yanka. Ki fara da dabba ɗaya da hali ɗaya da kika gani da idonki, misali mai awo da ke danne mudu. In kin buga, ki nuna wa wata tsohuwa a gidanku wadda ba ta yi boko ba, kada ki yi mata bayani. In ta faɗi halin da kike nufi, aiki ya yi. In ta tambaye ki mene ne wannan, ki sake yanka wata robar. Ki aiko mini da bugu ɗaya ta adireshin mujalla, ki rubuta lambarsa da fensir a ƙasa ta hagu da sunanki ta dama, haka masu sana'ar ke yi.